Yadda Ake Sayen Tsohuwar Mota Domin Farfaɗo Da Ita A Hankali

Duk mai sha'awar mota da ya zaga Zariya ya san akwai dukiya kwance a bayan gidaje, musamman a gidajen ma'aikatan jami'a da ke Samaru da tsofaffin gidajen Sabon Gari da Tudun Wada, inda za ka tarar da Fijo ko Marsandi ta shekara goma a gindin mangwaro, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Na ga mutane da dama sun ɗauko irin waɗannan motoci cikin ɗoki, bayan shekara biyu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, kuma kusan dukansu tun ranar ciniki suka tafka kuskuren da ya kashe aikin.

Abu na farko shi ne zaɓen irin motar, kuma a ganina wanda bai taɓa wannan aiki ba kada ya wuce Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN mai harhaɗa motocin Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya soma aiki a 1975, ya kuma ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da barinta. Saboda haka kayan gyaranta ba su ɓace ba a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma har yanzu akwai dattawan kanikawa a Zariya da suka san kafiretarta kamar yunwar cikinsu. Marsandi 200 ta shekarun 1976 zuwa 1985 mota ce ta ƙwarai, amma ƙaramin abu irin makullin ƙofa ko fitilar baya yana iya tsayar da kai wata uku, kuma da tsada za ka same shi.

Kafin ka taɓa motar, ka tambayi takardu. Yawancin waɗannan motoci na mamata ne, wanda ya nuna maka ita kuwa sau da yawa ɗa ne guda cikin magada goma. Ka tabbatar an raba gado ko kuma dukan magada sun amince, a rubuta yarjejeniya da shaidu, in da hali a gaban mai unguwa, sannan ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takarda da idonka, ba da bakin dillali ba. Motar da ke da haƙƙin marayu a kanta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Yanzu sai bodi, inda ni kaina na faɗi. Motata ta farko 504 ce fara sol, fentinta na ɗaukar ido, makulli ɗaya ta tashi, kuma jin ƙarar injin nan ya sa ban ko durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba. Sai da muka kai ta wurin mai gyaran bodi ya ɗage kafet ɗin gefen direba, muka ga an toshe ramin da tsatsa ta ci da guntun kwanon rufin ɗaki, an shafe shi da kwalta. Da ya kankare ƙasan ƙofofi, fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, ita ce ta riƙa zubowa kamar garin rogo, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, 504 ƙirar salun ba ta da shasi dabam irin na babbar mota, bodin nan shi ne ƙashin bayanta, idan ya ruɓe babu abin da zai riƙe inji da ƙafafu. Inji kuwa ana sauke shi a sa wani cikin kwana biyu. Don haka motar da injinta ya mutu amma ƙarfenta lafiya ta fi mini mai tashi wadda tsatsa ta cinye, nesa ba kusa ba.

Ka je dubawa da rana tsaka, ɗauke da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Ka bi ƙasan ƙofofi da madgad da gefen but kana manna shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce a wurin. Ka ɗage kafet gaba da baya ko da mai mota ya ɓata rai, ka cire batir ka duba mazauninsa domin ruwan batir yana cin ƙarfe, ka duba inda kan shokozoba na gaba ya haɗu da bodi a cikin bonet, sannan ka ɗaga robar gilashin gaba da na baya, domin nan ruwan Agusta yake kwanciya. Ka caka sukundireba a ƙasan motar ba tare da tausayi ba. Tsatsar sama mai launin ja wadda ake gogewa ba matsala ba ce, amma wadda ta kumbura tana ɓarewa kamar ɓawon itace ta riga ta shiga ciki. Ka kuma tsaya daga nesa ka dubi tazarar ƙofofi, idan wata ta matse wata ta buɗe, motar ta taɓa yin haɗari an miƙar da ita. Abokin tafiyarka ranar nan ya zama mai gyaran bodi, ba bakanike ba, kuma ka biya shi kuɗin wuninsa domin ya faɗa maka gaskiya, kada ya zama yana jiran la'ada daga mai sayarwa.

Idan motar ta daɗe a ajiye, kada ka yarda a sa mata batir a tayar da ita don a burge ka. A cire fulogogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramukan, a juya injin da sifana. In ya juya, akwai rai a cikinsa. Ka zaro sandar auna mai, in ka ga man ya koma kamar koko, ruwa ya haɗu da shi, sai ka rage farashi gwargwadon haka. Ka ƙirga ƙananan kaya kuma, irin su bamba da fitilu da tambarin zakin gaba da agogon dashbod, domin su ne suka fi wuyar samu na asali.

Game da kuɗi, dokata ita ce kada farashin saye ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ka ware, ragowar na gyara ne, kuma da wuya ya isa. Ka sa kuɗin janwe a lissafi, kada ka ja ta da igiya a titin Kwangila babu birki. Wurin ajiya ma ka tanade shi tun kafin ciniki, mai rufi da daɓen siminti, domin motar da aka bari a filin gareji kayanta kan yi ƙafa, tamfol kuma yana riƙe danshi ne kawai.

Da ta iso gida, kada ka wargaza ta gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance, ka zuba kusoshi a leda ka rubuta inda suka fito. A fara da walda, sai birki da ƙafafu, sai inji da lagireto da wanke tankin mai, sai mai riwaya ya sabunta wayoyi. Kushin da fenti su ne ƙarshe, kuma kada a fesa fenti cikin ƙurar hunturu. Kowane mai aiki ka biya shi kashi-kashi bayan ka ga abin da ya gama, ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka adana, domin da shi za ka je kasuwa gwaji.