Kurakuran da baƙinmu ke yi in sun kawo iyali yawo Legas da mota

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina zaune a Agege, kuma babu hutun sallah ko na ƙarshen shekara da zai wuce ban sauki baƙi daga gida ba. Wani ya taso daga Kano, wani daga Zariya, wani daga Gusau, mota cike da yara da kuloli, an shafe kusan kilomita 1,000 a hanya don a zo a ga Ikko. Ina jin daɗin zuwansu. Abin da ya ishe ni shi ne yadda kowa ke zuwa ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa, in ka yi magana a ce ai an duba a waya.

Babban kuskuren yakan fito ne tun daren da aka sauka. Ana gama cin abinci sai maigida ya zaro takarda: gobe za mu je Badagry, mu biya gidan tarihi, mu leƙa kasuwar Balogun, mu hau gadar sama ta Lekki, sannan mu ƙarasa bakin teku. Duk a wuni ɗaya. Lissafin Kano yake yi, inda za ka hau Dala da safe, ka shiga Kurmi, ka leƙa Gidan Makama, kuma ka ci abincin rana a gidanka. Nan kuwa Badagry tana can yamma, dab da iyakar Seme, Lekki tana gabas, ga ruwa da gadoji da gosulo a tsakaninsu.

Ni kaina na yi wannan kuskuren, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta biyo ɗanta suka zo. Ta haura saba'in, ba ta taɓa ganin teku ba, kuma shi kaɗai ta roƙa. Ni kuma na so in gwada mata na san gari. Muka tsaya aka karya a nitse, sai wajen takwas muka bar Agege. Ba mu shiga Badagry ba sai da rana ta take. Muka ga benen nan na 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya, muka leƙa ɗakunan da aka tsare bayi, duk a gurguje. Aka ce mu shiga kwale-kwale mu tsallaka Gberefu, inda a da ake ratsawa da bayi zuwa bakin ruwa. Ga teku nan kusa da mu, amma na ce a'a, na Lekki ya fi kyau, mu juya. Daga la'asar har magariba muna tsakanin Alaba da Mile 2, mota tana tafiyar hawainiya. Ƙafafun Gwaggo suka kumbura har ta cire takalmi. Lokacin da muka isa bakin ruwa duhu ya rufe, ba a ganin komai sai farin kumfa nesa-nesa. Ta tsaya riƙe da hannuna, ta ce, "Bari dai ɗan nan, ai na ji kukansa." Jibi suka koma. Ba ta sake zuwa ba har Allah ya karɓi abarsa.

Don haka in na ɗaga murya a kan wannan takardar, a yi mini uzuri. Tun daga ranar ƙa'idata ɗaya ce: wuni ɗaya, ɓangare ɗaya. In Badagry ce, Badagry ce kawai, a tafi bayan asuba a dawo da sauran rana. In tsibiri ne, wato Lagos Island, tsibiri. In Lekki ce, Lekki. Kuma abin da babba a cikin tafiyar ya fi so, shi ake fara yi, tun ƙafa tana da ƙarfi.

Sai lokacin fita. Da safe duk Legas tsibiri take nufa don aiki, da yamma kuma ta juyo gaba ɗaya. Gadar Third Mainland da aka buɗe a 1990 tsawonta kilomita 11.8 ne, in ka hau ta a mugun lokaci babu inda za ka ratse ka sha ruwa ko ka kama ruwa. Ni ana sallame asuba nake tayar da mota, karin kumallo a can ake yinsa. Dawowa kuma ko dai kafin uku, ko a haƙura a yi isha'i a can. Wanda ya samu safiyar Lahadi ya dace, domin hanya takan yi sauƙi, sai dai ya tabbatar wurin da zai je yana buɗe.

In da baƙo zai bar mini zaɓi, tsibiri nake fara kai shi. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957, can aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na sha ganin dattawa sun tsaya gabanta shiru, sai ka ga an ɗaga hannu ana yi masa addu'a. Amma sau nawa matasa suka ce mini gidan tarihi ɓata lokaci ne, a kai su wurin ɗaukar hoto! Daga nan da ƙafa ma za ka isa dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960. Gaba kaɗan akwai Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Azahar ta same ka a babban masallacin Legas, in da hali ka leƙa masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894. Wannan kaɗai ya cika wuni.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi da mutunci shi ne na mota. Mutum ya yini ya kwana yana tuƙi, idonsa jawur, washegari kuma ya ce shi zai ja iyalinsa cikin tsibiri, waya a hannu tana ce masa yi dama, yi hagu. Malam, titunan tsibiri da yawansu wanwe ne, allon ma wani lokaci rumfar mai kaya ta tare shi. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ba ta wasa da bin hannun da ba naka ba, kotu tana iya ƙwace motar ɗungurungum a yi gwanjonta. Haka layin motocin BRT, dogayen bas ɗin nan masu layinsu na daban, za ka gan shi fetal kowa yana cikin cunkoso, ka ɗauka sa'a ka yi. Ba naka ba ne, kada ka sa taya a ciki.

Ni da nake gari ma abin ya rutsa da ni. Ina ɗauke da surukina da iyalinsa, na ga wata danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, ta karya kwana ta shige wani lungu, na ce ai direban haya ya fi ni sanin hanya, na bi bayansa. Shi ya sulale, ni aka tare. Laifina ne, ba ni da bakin magana. Aka sauke mata da yara a gefen titi cikin rana, surukina yana ta cewa, "Ba komai Alhaji, ƙaddara ce," ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Motar ta kwana biyu a tsare, na biya tara, kuɗin da na ware don yawon gaba ɗaya ya tafi a nan. To ina ga baƙon da motarsa ita ce abin komawarsa gida? Kada ka taɓa bin bayan danfo, kuma kada ka yarda da waya fiye da idonka.

Abin da nake yi yanzu, motar baƙo tana shiga gidana ba ta sake fita sai ranar komawa. Daga Agege akwai jirgin ƙasa na jan layi da ke zuwa Oyingbo, akwai BRT da ake biya da katin Cowry, akwai motar da ake kira ta waya in da tsofaffi. Wasu abokaina ba su yarda da ni ba, suna cewa mai yara biyar ba zai iya wannan jigilar ba. Na ji, to a nemi ɗan gari ya karɓi sitiyari. Kada kuma a sa rai da acaɓa, tun 2022 aka hana ta a Ikeja da Surulere da Apapa da tsibiri da ɓangaren Lekki. In dole sai an yi fakin a titi, a gama ciniki da yaran wurin kafin a kulle mota.

Mu zo kan ciki, inda nake yawan faɗa da ƙannena. Ka taso tun daga Katsina, sannan da rana ta yi ka ce a nemo maka tuwon shinkafa? Tuwo yana jiranka a gida, ko nan Agege ma ba a rasa shi da dare. Shiga buka ka ci amala. Mutanenmu suna ganin baƙinta sai su ja baya, alhali garin busasshiyar doya ne. Miyar ewedu lalo ce, gbegiri miyar wake ce, abin da suke kira iru daddawa ce, ponmo kuma ganda. Babu baƙon abu a kwanon nan. Ka je tsakanin sha biyu da biyu, lokacin ana kan tuƙawa, tururi yana tashi daga tukunya. Nama ƙirga shi ake yi yanka-yanka, don haka ka faɗi nawa kake so da bakinka. In ka tsaya kana gyaɗa kai, mai zubawa ba za ta daina ba.

Inda ake cutuwa shi ne barkono. Mu yajinmu a gefe yake, kowa ya barbaɗa gwargwadon ƙarfinsa, su kuwa a cikin jar miyar yake tun daga tukunya. A ce a zubo ta a kwano daban, musamman ga yara. Shinkafar ofada da koren miyarta tana da daɗi ƙwarai, amma ba na ba baƙo ita ranar da za mu hau doguwar gada, na ga abin da take yi wa cikin da bai saba ba. Da safe ewa agoyin, wato dafaffen wake mai laushi da miyar barkono, da burodin Agege yana riƙe mutum har la'asar.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. A kwashi mutum goma a shiga wani ƙayataccen gidan abinci a Victoria Island, ba a duba farashi ba, kowa ya nuna abin da ya burge shi a hoto. Kuɗin da ke rubuce ba shi ne na ƙarshe ba, ana ɗora harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, da na jiha kashi 5, wasu su ƙara ladan hidima. Ka tambaya kafin ka zauna, babu kunya a ciki. Ka kuma tambaya ƙarara ko akwai naman alade ko giya a girkin, domin a irin wuraren nan sunan abincin ba ya gaya maka komai. Ni dai a kan tsiren Obalende nake rufe wuni, a hannun 'yan'uwanmu, na san abin da ke kan wuta.

Teku kuma, don Allah ku ji ni da kyau. Ba dam ɗin Tiga ba ne, ba kogin garinku ba ne. Igiyar tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Duk shekara sai na daka wa wani saurayi tsawa saboda ya tuɓe riga yana cewa shi gwanin iyo ne. Yaro kuwa hannunsa ba ya barin naka. Masu tambayar Bar Beach da iyayensu suka ba su labari, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. In Tarkwa Bay za a je, jirgin ruwa ake shiga, kowa ya sa rigar kariya, a juyo tun da haske.

A gandun dajin Lekki Conservation Centre, gadar saman bishiyoyi tsawonta mita 401 ne kuma tana lilo, mai jiri ya zauna ƙasa, mata su sa wando ƙarƙashin hijabi da takalmi mai kama ƙafa. Birai suna fizge duk ledar da suka gani a hannu, kada a ba yaro biskit ya riƙe.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata wuni. Waya ba ta leƙa taga a gosulo. Buta da darduma da jarkar ruwa ba sa rabuwa da but. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don tiransifa takan maƙale. Yuni da Yuli ruwan sama yana iya shafe titunan Lekki cikin awa ɗaya, ƙaramar mota ta yi hattara.

Ranar komawa kada a fita da yammacin Juma'a, hanyar Ibadan daga Berger zuwa Kara takan cushe, ga manyan tarukan ibada da ake yi a gefenta. A sha mai tun da dare, a duba tayoyi, a tashi bayan asuba. Burodin Agege na tsaraba da safen ake sayensa yana da ɗumi, a ɗora shi saman kaya, in aka danne shi da jaka kafin Ibadan ya zama faifai.