Sabuwar wutsiyar suna da lissafin baklink: kurakuran da aka fi yi

Wata mai sayar da atamfa da leshi ta intanet ta kira ni hankali a tashe. Wata biyu ke nan da ta buɗe shafinta mai ƙarewa da .shop, ta duba a Moz, manhajar auna ƙarfin shafi, ta ga makin ƙarfin shafinta da ake kira DA 1 ne cikin 100, Ahrefs kuma, wata manhajar irinta, ya nuna mata baklink uku kacal, alhali ta san shafuka da dama sun ambace ta. Har wani ya ce mata laifin wutsiyar sunan ne, ta koma .com. "Malam, in sake suna ne?" Na ce, "Hajiya, dakata tukuna."

Baklink shi ne linkin da wani shafi ya sa wanda ke kai mutum zuwa naka. Wutsiya kuwa ita ce abin da ke bin ɗigon ƙarshe a sunan shafi. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen shafukan intanet, ta buɗe ƙofar neman sababbin wutsiyoyi a 2012, suka fara fitowa a ƙarshen 2013, kuma an fitar da fiye da 1,000, irin su .xyz da .online da .app da .africa. Tun 2015 Google ya bayyana cewa yana ɗaukar su daidai da .com, ba fifiko ba ragi. Kamfanin Alphabet ma, uwar Google, a abc.xyz yake zaune.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar lambar da manhaja ta nuna a matsayin hukuncin Google. Ahrefs da Moz da Semrush da Majestic kowanne yana da nasa gizo-gizon da ke yawo yana tattara linki: AhrefsBot, DotBot, SemrushBot, MJ12bot. Abin da gizon ya taka kaɗai manhajar ta sani. Ba shafinka yake dubawa don ya ƙirga baklink ba, shafin da ya sa linkin yake dubawa. Idan ƙaramar jaridar intanet ce da gizon bai cika leƙawa ba, ko masu ita sun toshe shi a fayil ɗinsu na robots.txt, wanda ke gaya wa gizo inda aka hana shi shiga, linkin yana nan daram amma ba zai fito a lissafi ba. Shi ya sa manhajoji huɗu za su ba ka amsa huɗu a kan shafi ɗaya. Makin DA na Moz ne, DR na Ahrefs ne, Google ba ya aiki da ko ɗaya daga cikinsu. Kowane sabon suna daga ƙasa yake farawa, ko da .com ne. Gyaran a nan mai sauƙi ne: ka yi rajistar shafin a Google Search Console, dandalin Google na masu shafi, kyauta ne, ka buɗe sashen linki ka gwada da abin da manhajar kuɗi ta ce. Shi ma samfuri yake nunawa, amma daga bakin mai ita ne.

Wanda ya fi damuna shi ne tsoron makin shara. Wasu sababbin wutsiyoyi ana sayar da su da araha ƙwarai a shekarar farko, sai 'yan damfara suka yi musu caa, suna saye da yawa suna zubarwa. Makin da Moz ke kira Spam Score yana auna kamanni ne da shafukan da aka taɓa hukuntawa, kuma wutsiya tana cikin alamomin da yake dubawa. Ke nan shafi mai tsabta zai iya shan maki mai muni saboda unguwar da yake zaune. Sai ka ga mutum ya firgita, ya kwashe duk linkin da ya fito daga .xyz ko .online ya zuba a fayil ɗin da ake gaya wa Google ya yi watsi da linki. Garin neman gira a rasa ido, domin a ciki akwai na gaskiya da ya sha wahala kafin ya samu. Tun gyaran da aka yi a 2016 wa Penguin, tsarin Google na tace linkin banza, Google ya fi karkata ga yin biris da linkin banza maimakon hukunta mai shafi. Ka buɗe kowane shafi ka gani da idonka: akwai rubutun da mutum zai karanta? Yana da alaƙa da harkarka? In dai ba sayen linki ka yi ba, kuma babu saƙon hukunci a Search Console, ka bar fayil ɗin watsi da linki ya huta.

Akwai kuma kuskuren bincike da rabin suna. Ka tabbata ka zaɓi duba sunan gaba ɗaya har da rassansa, ba adireshi guda mai www ba.

Sannan ba duk ambato ne baklink ba. Wanda aka tura a WhatsApp gizo ba ya ganinsa. Wasu shafukan kuma ba sa mayar da suna mai baƙuwar wutsiya linki da kansu, sai ya zauna a matsayin rubutu kawai, ba ya dannuwa.

Kafin ka biya kuɗin suna, ka duba shi a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, da kuma tsohon kundin linki na Majestic. Sunan da kake zaton sabo ne fil, mai yiwuwa wani ya taɓa yin shafin caca da shi ya bar maka gadon linki. In kuma daga .com ko .com.ng ka taso, ka sa turawar 301, wato umarnin da ke kai mai ziyara sabon adireshi na dindindin, daga kowane tsohon adireshi zuwa takwaransa, ka sanar da sauyin adireshi a Search Console, kuma kada ka bar rajistar tsohon sunan ta mutu. Manhajojin za su ɗauki makonni kafin lissafinsu ya daidaita.

Da muka zauna da Hajiya muka bi shafukan da suka ambace ta ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar biyu daga ciki sun rubuta sunan shagon ne kawai ba tare da linki ba. Ta tura musu saƙo, ɗaya ya gyara a ranar. Sunanta na .shop yana nan yadda yake.