Kurakuran da aka fi yi wajen saita tubalan aiki a na'urar sarrafa masana'anta

Idan zafi ko matsin iska ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a masana'anta, ma'aikata sukan garzaya su canja lambobin tubalin PID, wato sashen manhajar na'ura da ke kwatanta awo da adadin da ake so ya kuma daidaita bawul, alhali sau da yawa ɓarnar tana cikin yadda aka saita tubalan da ke gabansa da bayansa. Saboda haka ya kamata bincike ya bi hanyar da saƙo ke bi, daga tubalin shigarwa, wanda ke karɓar awo, har zuwa bawul.

Wani kuskure da aka saba gani shi ne rashin daidaita zangon awo. Tiransimita, wato abin da ke auna zafi ko matsi, tana aiko da saƙon lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20, kuma ba ta faɗa wa na'ura abin da saƙon ke nufi. Idan an saita ta daga 0 zuwa bar 10 na matsi, amma aka rubuta 0 zuwa 16 a tubalin shigarwa, to a miliamfiya 12 allo zai nuna 8 alhali matsin gaskiya 5 ne. Gyaran shi ne a karanta zangon daga jikin tiransimitar, sannan a tura miliamfiya 4 da 12 da 20 a ga abin da allo ya nuna. A kuma kunna gane lalacewar waya, domin bisa shawarar ƙungiyar masana'antu ta NAMUR mai lamba NE 43, saƙon da ya kai miliamfiya 3.6 ko ƙasa, ko 21 ko sama, alamar matsala ce.

Awon gudun ruwa ta bambancin matsi yana da tarkonsa, domin yana buƙatar lissafin tushen murabba'i sau ɗaya tak. Idan tiransimita ta yi lissafin, tubalin ma ya maimaita, gudun kashi 25 zai bayyana a matsayin kashi 50. Abin da ke ɓoye wannan kuskure shi ne sifili da kashi 100 suna fitowa daidai, don haka wanda ya gwada farko da ƙarshe kawai zai ɗauka komai lafiya.

Sai alkiblar martani, wato ko bawul zai ƙara buɗewa ko ya rage idan awo ya hau. A bawul ɗin tururi mai dumama tanki, idan zafi ya hau dole buɗewar ta ragu, a na ruwan sanyaya kuwa dole ta ƙaru. Bawul da ke buɗewa idan iska ta ɗauke yana juya lissafin, kuma idan aka gyara juyin a wuri biyu, an koma gidan jiya. A sa tubalin PID a yanayin sarrafawa da hannu, a ƙara saƙon da yake aika wa bawul kaɗan, a ga inda awo ya nufa kafin a mayar da shi yanayin sarrafa kansa.

Kamfanoni kuma ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Wata na'ura tana karɓar ƙarfin martani, wata faɗin zango, wanda ake samu ta raba 100 da ƙarfin, kuma ƙarfi 2 daidai yake da zangon kashi 50, saboda haka wanda ya kwafe 2 zuwa gurbin zango ya sa ƙarfi 50 bai sani ba.

A tsarin sadarwar na'urori na FOUNDATION Fieldbus, idan PID ɗaya na sama yana ba na ƙasa adadin da zai bi, tilas a haɗa BKCAL_OUT na tubalin ƙasa da BKCAL_IN na tubalin sama, wato hanyar mayar da bayani baya, in ba haka ba na saman ba zai san matsayin na ƙasa ba, kuma miƙa aiki tsakaninsu ba zai kammala ba. Wasu saituna ba sa karɓar rubutu sai an sa tubalin a yanayin OOS, wato dakatar da aiki, don haka a duba an fitar da shi bayan gyara.