Yadda Ake Kula da Tsofaffin Littattafai da Takardun Tarihi a Ɗakin Karatun Jami'a

Duk wanda aka danƙa wa sashen tsofaffin littattafai da takardun tarihi, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne littafin da ya fi kowanne jin jiki, wanda bangonsa ya ɓalle, shafukansa suna zubewa. Ka ƙyale shi tukuna. Gyaran littafi ɗaya yana cin kuɗi da lokacin da za su isa a kare kanta guda, kuma idan ka gyara shi ka mayar da shi ɗakin da ya lalata shi, aikin banza ka yi. Ɗaki ake fara gyarawa, sannan mazubi, sannan hannun masu taɓawa. Ɗinki da liƙi su ne na baya.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Zagaya da takarda da fensir. Idan kayan sun yi yawa, ba sai ka buɗe kowanne ba. Ka riƙa zaro na goma-goma daga kowace kanta, kana rubuta irin takardarsa, irin bangonsa da abin da ke damunsa. A nan za ka ga abin da ke ba sabon ma'aikaci mamaki, wato ba wanda ya fi tsufa ne ya fi rauni ba. Kafin wajajen 1850 da tsumma ake yin takarda, shi ya sa littafin da aka buga a 1650 zai iya buɗuwa lafiya lau. Daga baya aka koma yin ta da dakakken itace ana haɗawa da sinadarin da ke barin asid a jikinta, sai ka ga jaridar 1950 ta yi ja tana karyewa da an lanƙwasa ta. Saboda haka jaridu, wasiƙu da fayilolin ofis na ƙarni na 20 sukan fi bukatar gaggawa.

Takardun tarihi kuma kada ka sake musu tsari don ka ga sun yi maka kyau. Yadda mai su ko ofishin da ya tara su ya jera su, shi ma bayani ne ga mai bincike. Ka bar na kowane tushe a haɗe, ka ba su lamba yadda ka same su.

Mataki na biyu: zafi, danshi da haske

Nan ne gundarin aikin. Sayi ma'aunin zafi da danshi, irin ƙaramin nan mai adana bayani da kansa, ka sa a kusurwoyi daban-daban, ka bi lambobinsa na tsawon shekara guda domin ka ga yadda ɗakin yake a kowane yanayi. Abin da ake nema shi ne zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Celsius ba, da danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Masana sun yi kiyasin cewa duk ragin digiri 5 yana kusan ninka rayuwar takarda mai asid. Da zarar danshi ya haye kashi 65 ya zauna a nan, fumfuna ta samu gida. Idan kuma ya yi ƙasa sosai, fatar bangon littafi ta bushe ta tsage, gam ya saki.

Amma abin da ya fi lambobin nan muhimmanci shi ne kada su riƙa hawa da sauka. Takarda da fata suna shan danshi su kumbura, su saki su motse, kuma wannan kai-komo shi ke kwance ɗinki ya kantare bango. A ganina, na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe in an tashi aiki ta fi rashinta illa, domin da an kashe ta iska mai ɗumi ta shigo, raɓa ta kwanta a kan kayan da suka yi sanyi. In ba za a iya barin ta a kunne dare da rana ba, gara a zaɓi ɗakin da ke tsakiyar gini, nesa da rufin da ke shan rana, a toshe kafofinsa, a sa fanka don iska ta riƙa juyawa, a ƙara da na'urar tsotse danshi. A guji ɗakin ƙarƙashin ƙasa da duk ɗakin da bututun ruwa ya ratsa ta samansa.

Haske kuwa ɓarnarsa taruwa take yi, kuma ba ta gyaruwa. Sa labule mai kauri, kashe fitila in babu kowa. Idan za a baje wani abu don baƙi su gani, kada hasken ya wuce lux 50 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), kuma kada a bar shafi ɗaya a buɗe fiye da 'yan watanni.

Mataki na uku: kanta da kwali

Kantar ƙarfe mai busasshen fenti ta fi ta katako, wadda ke fitar da asid tana kuma kiran gara. Hawan ƙasa ya ɗaga daga daɓe da santimita 10 zuwa 15, a kuma bar 'yar tazara tsakanin kanta da bangon ɗaki. Littattafai su tsaya cak, masu kusan tsawo ɗaya a jere, ba a matse ba, ba kuma a kishingiɗe ba. Manya a kwantar da su, biyu ko uku kawai a kan juna.

Sai kwali marar asid, wanda nake ganin babu abin da ya kai shi riba a duk wannan aiki. Yana tare ƙura da haske, yana rage saurin sauyin danshi, in ruwa ya ɗiga shi zai fara sha. Littafin nan da bangonsa ya ɓalle, kwalin da aka yanka daidai jikinsa ya wadatar masa na shekaru. Kafin ka saka fayil, cire kilif da allurar da suka yi tsatsa, da robar ɗauri da ta narke ta manne. Wajen sayen takarda da jakar fayil, nemi mai alamar ISO 9706, ma'aunin takarda mai ɗorewa.

Mataki na huɗu: ƙwari da fumfuna

Gara, kyankyaso, asu da ɓera abinci da danshi suke bi, don haka ba ci ba sha a ma'ajiya, har ga ma'aikata. Ajiye tarkon ƙwari mai danƙo a kusurwoyi, ka duba shi duk wata. Duk kayan da aka kawo kyauta ko aka saya, a killace su a wani ɗaki dabam kafin su haɗu da sauran. Kada a fesa maganin ƙwari a jikin littafi, yana ɓata takarda yana kuma cutar da mai karatu. In ka ga gari-gari a ƙarƙashin littafi ko sabbin huji, ƙulle shi a leda, ka sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla mako guda, kuma kada ka buɗe ledar sai ya dawo daidai da ɗumin ɗaki. Fumfuna ba a goge ta da jiƙa. Sai ta bushe a kwashe ta da burushi mai laushi da injin tsotsa mai matacin HEPA, wato matacin da ke tare ƙura mafi ƙanƙanta, mai aikin yana sanye da takunkumi.

Mataki na biyar: hannu

Farar safar hannu da ake gani a hotuna, manyan ɗakunan karatu irin su British Library ba sa son ta wajen juya takarda, domin tana hana yatsa ji, sai a yaga shafi. Wankakken hannu busasshe ya fi, safa sai wajen taɓa hotuna. Fensir kawai a ɗakin nazari. A tallafi littafi da matashi ta gefe biyu, kada a danne shi sai ya baje. Kada a fizgo shi daga kanta ta saman bayansa, a tura maƙwabtansa ciki kaɗan a kama tsakiyarsa.

A rubuta sunan duk wanda ya karɓi abu, a duba kafin da bayan ya dawo da shi. Dokar ta hau kan ma'aikata ma. Satar da aka gano a 2017 a ɗakin karatu na Carnegie da ke Pittsburgh a Amurka, ta kayan kusan dala miliyan 8, wanda ke kula da sashen ne ya yi ta tsawon shekaru.

Mataki na shida: gyara da ɗaukar hoto

Ƙa'idar gyara ita ce kada ka yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Salatif yana yin ja ya bar tabon da ba ya fita, liƙe takarda cikin roba da zafi kuwa ya fi shi muni. Ƙwararru da siririyar takardar Japan da gam ɗin sitacin alkama suke liƙe yaga, domin ɗan danshi yana sake su. In ba ka koyi wannan ba, sa shafin a jaka marar asid ka jira wanda ya iya, musamman idan tsohuwar tawada mai sinadarin ƙarfe ta fara cin takardar.

Ɗaukar hoto yana rage yawan taɓawa, amma ba ya maye gurbin asali. A ɗauka da kyamara daga sama, a adana a tsarin TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto na kwamfuta, kwafi uku, ɗaya a wani gini. Shirin Endangered Archives Programme na British Library, wanda aka fara a 2004, yana ba da tallafin irin wannan aiki.

Mataki na bakwai: ranar da ruwa ko wuta suka zo

A ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya yi ambaliya a Florence ta Italiya, laka ta shafi fiye da abu miliyan ɗaya a babban ɗakin karatu na ƙasa. A 18 ga Afrilun 2021 wutar daji ta cinye ɗakin nazari na Jagger a Jami'ar Cape Town, ruwan da aka kashe wutar da shi kuma ya gangara ƙasa ya jiƙa abin da ya tsira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jiƙaƙƙen littafi yana iya fara fumfuna cikin awa 48, don haka a san tun yanzu firizar da za a kai kaya. Wanda ya ɗan jiƙa a tsayar da shi a buɗe gaban fanka, ana sa takardar tsotse ruwa tsakanin shafuka. Wanda ya sha ruwa sosai kada a buɗe shi, a naɗe a daskarar. Takarda mai sheƙi ita za a fara ceto, domin in ta bushe a manne ba ta rabuwa.

Rubuta tsarin a shafi biyu ko uku: wa za a kira, ina makullai, ina ake kashe wutar lantarki da rufe ruwan famfo, waɗanne kwalaye za a fara fitarwa. Gayyaci 'yan kwana-kwana su zagaya ma'ajiyar su san ƙofofinta. Ajiye leda mai faɗi, bokiti, tocila da akwatunan roba kusa da ƙofa, kwafin tsarin kuma ya kasance a wayar kowane ma'aikaci da wurin mai gadin dare.