Yadda za ki tara 'ya'yan itacen dawa ki riƙa haɗa lemonki a gida

'Yar uwa in gidanki akwai yara ko kina yawan yin baƙi kin san abin da lemon kwalba ke ci a kuɗin cefane, ga na leda ɗin nan da ake kaɗawa a ruwa wanda ba komai a ciki sai kala da zaƙi da filebo, yaro ya sha harshensa ya yi ja shikenan. Alhali tsamiya da kuka da goruba suna nan tsaye a bayan gari da bakin gonaki suna zubar da 'ya'ya awaki na bi suna tsinta. Abin da nake so ki riƙe shi ne yawancin aikin lemon gida ba a kicin ake yinsa ba, a lokacin da itacen ya nuna ake yinsa, in kin tara a lokacin kin busar kin adana to kin huta har shekara ta zagayo, in kuwa kika bari sai azumi ya kama sannan ki fita neman tsamiya to a hannun mai tebur za ki saya ƙulli ƙulli da tsada.

To ki fara sanin lokacin kowanne. Daga kaka zuwa cikin hunturu nan ne kasuwar take, magarya da kurna da kanya da aduwa da taura duk a nan suke nuna, zoɓo ma a nan ake cire shi. Tsamiya da 'ya'yan kuka da goruba kuwa rani ne nasu, sai iska ta busar da su sosai a kan bishiya. Da bazara ta shigo zafi ya yi zafi sai ɗorawa, gab da faɗuwar damina kuma nunu wato 'ya'yan danya da 'ya'yan kaɗanya, ita ɗinya sai damina ta yi nisa take baƙi. Wani wuri yana riga wani, na Daura ko Maraɗi ba lallai ya zo daidai da na Zariya ba, don haka ki tambayi tsofaffin garinku ko yaran da ke kiwo, sun fi kowa sanin wace bishiya ce ta nuna da wadda ta fi zaƙi, don ko tsamiya ba duka ɗaya ba ce, wata tsaminta har haƙori, wata kuwa da ɗan garɗi.

Maganar ɗiba kuma don Allah a kiyaye haƙƙi. Bishiyar da ke cikin gonar mutum tasa ce ko da ba shi ya shuka ba, musamman ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, waɗannan a ƙauye dukiya ce da ake gado, wata tsohuwar da su take sayen gishiri da sabulu. Ki yi sallama ki nemi izini, sau da yawa cewa za a yi ɗebi abin da kike so, in ya so ki bar wa mai ita rabonta. Kuma ba a sare reshe don a sami 'ya'ya, wallahi abin nan yana min ciwo in ga an rafke rabin tsamiya saboda kwano biyu, a sami gora doguwa a ɗaura mata maƙata, a shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa a kaɗo ta zubo a kai. Kuka kada ki bar yaro ya hau, jikinta santsi gare shi kuma ƙudan zuma na yawan zama a kogonta. Ki duba gindin bishiya da sanda kafin ki sa hannu cikin ganye saboda maciji da kunama, kada ki tsinci wanda ya kwana a ƙasa a gonar da aka yi feshi, kuma halin da dazuzzukanmu suke ciki yanzu ba sai na faɗa ba, in wurin ba lafiya a haƙura, kada a tura yara nesa da gari su kaɗai.

Akwai kuma wanda ba a taɓawa sam. 'Ya'yan bini-da-zugu ɗin nan da ake shinge da shi yara suna ganin kamar gyaɗa su ci, amai da gudawa yake sawa mai tsanani, haka ƙwayar zurma, haka zaƙami da ake ce wa haukata-yaro. Duk abin da ba ki san sunansa ba kuma babu babban da ya taɓa ci a gabanki to ki bar shi a inda kika gan shi, ko da kin ga tsuntsu na ci.

In a birni kike ba inda za ki tsinta, to dabarar ɗaya ce, ki saya a lokacinsa da kwano ko ku haɗa kuɗi ku uku huɗu ku sa a auno muku a kasuwar ƙauye ranar da take ci, ko irin su Dawanau in kina Kano. Zoɓo kam kada ki yi wasa da lokacinsa, don na Jigawa da Kano buhu buhu ake lodinsa zuwa ƙasar waje har Meziko inda su ma jiƙa shi suke su sha, da 'yan sari sun shigo farashi ya tashi kenan. Da kin kawo gida ki ɓare tsamiya ki cire zaren nan, ki shanya ta kwana biyu uku a rana a kan tabarma mai tsafta ki rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, sannan ki cura ta dunƙule dunƙule ki zuba a bokiti mai murfi. Za ta yi duhu da daɗewa, ba lalacewa ba ne. 'Ya'yan kuka kuwa ki bar su cikin ɓawonsu in kina da wuri, sun fi daɗewa a haka, sai za ki yi amfani ki goge gashin bayan nan mai ƙaiƙayi ki fasa. Babban abokin gabarki danshi ne, komai ya bushe ƙarau kafin ki rufe, kuma kada ki ajiye buhu a kan siminti kai tsaye in damina ta zo, ɗora shi kan katako. Wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi, wanki ba ya gyara shi.

To mu shiga haɗi. Tsamiya ita ce mafi sauƙi, cikin hannu ɗaya mai kyau ya ishi lita 2 na ruwa. Ki ɗauraye ta sama sama ki zuba mata ruwan ɗumi kofi biyu ta yi kamar awa ɗaya, ki murje da hannu mai tsafta har ƙwallayen su fita fes, ki tace da rariya ki sake tacewa da kyalle. A gefe ki tafasa ɗanyar citta da kika daka da kanumfari 5 ko 6 da ɗan masoro, ki tace ki juye a ciki, ki cika ruwa ki sa zaƙi. In akwai na'a-na'a ki murza ki jefa. Sai dai kada ki cika mata kauri don tsamiya tana sakin ciki, yaro ya sha kofi uku mai kauri za ki kwana kai shi bayi.

Na 'ya'yan kuka shi ne yara suka fi so, wanda ake ce wa kwalba da nono. Shi ba a dafa shi, garin nan fari da ke manne da ƙwallon cike yake da bitamin C kuma wuta tana rage shi, don haka ruwan da kika riga kika tafasa ya huce ko ya rage ɗumi kaɗan shi za ki zuba. Kofi 2 na 'ya'yan a lita 1 da rabi, ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu, ki dama da muciya ko ludayi har ƙwallayen su koma baƙi tas ba fari a jikinsu, ki tace jan zaren nan ya fita. Zai fito da kauri, sai ki tsinka shi yadda kike so. In da hali ki sa madarar gari cokali uku ko nono, in babu ma haka nan da suga ya wadatar. A Sudan da Senegal wannan abin sha ne na kowa da kowa, a Sudan ma da shi ake buɗa baki, mu ne dai muka bar wa yara suna tsotsa a hanyar makarantar allo.

Goruba ita ce mai ɗan wahala kuma ita ce na fi so a koya don ƙamshinta babu na biyunsa. Ki zaɓi mai ja sosai mai sheƙi wadda ba ta da hudar ƙwaro, ki wanke ki shanya ta tsane, sai ki sa a turmi ki riƙa sassaƙa da taɓarya a hankali har naman ya rabu da ƙodagon, ba wai ki fasa ƙodagon ba, ba ma zai fasu ba sai dai ya yi tsalle ya buge ki, wasu da wuƙa suke kankarowa amma turmi ya fi sauri. Abin da ya fito kin sami garin goruba kenan, ki ƙara shanya shi ki zuba a kwalba, yana wata da watanni. Ranar da za ki haɗa, kofi 1 na garin a lita 1 da rabi na ruwa, ki jiƙa tun dare zuwa safe a wuri mai sanyi, ko in kina sauri ki tafasa shi minti 10 da 'yar citta da kirfa ki sauke ki rufe ya huce a haka. Wanda aka jiƙa ya fi haske da daɗin ƙamshi, wanda aka dafa ya fi kauri amma in ya wuce lokaci a wuta yana ɗan bauri, ki kula. Tacewa biyu yake so saboda zare zaren nan da ke maƙalewa a maƙogwaro. Tana da zaƙinta na kanta, saboda haka ɗanɗana kafin ki zuba suga, sau da yawa rabin abin da kika saba sawa ya isa. Mutanen Masar a titi ake sayar musu da ruwan goruba da azumi.

Busasshiyar magarya da kurna dakawa ake yi sama sama a jiƙa a tace, suna daɗi in aka haɗa da tsamiya kaɗan. Kanya da ɗinya da suka nuna luguf a matse su a ruwa, ɗinya in kika dafa ruwanta ya yi kauri maɗi kenan kin sami abin zaƙi. Garin ɗorawa damawa kawai, kalwar kuma ki wanke ki shanya masu daddawa za su saya. Nunu shi a ranar ake sha don ba ya jira, nan da nan yake juyawa.

Zoɓo kowa ya iya, abu biyu kawai zan ƙara. Ɓawon abarba da kike zubarwa ki wanke shi da kyau tun kafin ki fere, ki tafasa tare da zoɓon da citta da kanumfari, ba kya buƙatar filebo na kwalba bayan wannan, ko ki je wajen mai yankan abarba da yamma ki roƙi ɓawon amma shi sai kin wanke sosai kin dafa shi ya dahu. Na biyu kada ki zubar da zoɓon bayan tata ɗaya, ki sake tafasa shi ki haɗa da na farkon. Mai shan maganin hawan jini ko wadda jininta ke yawan sauka ta yi hankali da shi don yana saukar da jini, mai ciki kuma ta tambaya a wajen awo kafin ta mayar da shi abin shan kullum. Kuma duk mai tsami, zoɓo ne ko tsamiya, kada ya kwana a tukunyar alminiyam ko ta dalma, ki juye a roba mai kyau ko kwalba.

Suga shi ne ke cinye ribar duka in ba ki yi dabara ba. Dabino busasshe ki cire ƙwallo ki jiƙa ki niƙa a bilenda ko ki daka, yana shiga da goruba da kuka sosai, mazarƙwaila kuma da tsamiya da zoɓo. In sugan za ki sa ki narkar da shi a ruwan zafi kaɗan tukuna don kada ya kwanta a ƙasan jug a banza. Mai ciwon suga dai ya sani dabino da mazarƙwaila da zuma duk zaƙi ne, kuma jaririn da bai kai shekara 1 ba ba a ba shi zuma. Sakarin ɗin nan da masu sayarwa ke zubawa ni ba na sa wa yara, ɗacinsa ma yana fitowa a bayan harshe.

Ruwa kuwa nan ne ba a tsumulmula. Tunda yawancin waɗannan jiƙawa ake yi ba dafawa ba, ruwan da za ki jiƙa da wanda za ki tsinka duk a tafasa su a bari su huce, balle da damina lokacin amai da gudawa, ƙanƙarar da ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba kuma kada ki jefa a ciki, ki sa gorar a cikin ƙanƙarar ta yi sanyi ta waje. Gorunan da yara ke tsintowa a bola suna sayarwa ki rabu da su, ki tara na gidanki ki wanke da omo da ruwan ɗumi da ɗan buroshi har murfin, ki kife su bushe.

Inda wuta ba ta tsayawa kada ki dogara da firij ki haɗa jarka guda, ki haɗa na yini ɗaya kawai tunda kayan busassu ne suna nan ba inda za su. In kina son sanyi ki jera gorunan cikin randa ko ki naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara ki ajiye a inuwa inda iska ke bi, da rani lokacin da iska ta bushe yana yin sanyi sosai. A firij mai wuta kwana 2 zuwa 3 ya isa. Da kin ga gora ta kumbura, ko kin buɗe ta yi tsit tana kumfa, ko warin ya canza, to ya fara tsima yana hanyar zama giya, musamman mai abarba da nunu da mai dabino, a zubar kawai kada a ce a ƙara suga a ba yara. Mai madara ko nono a ciki shi ko yini ba ya kaiwa a zafin bazara, don haka ki raba biyu tun farko, ki sa madarar a wanda za a sha yanzu kawai, sauran ki bar shi haka sai an zo sha.