Yadda nake jera 'yar jakar agaji ta fagen daga

Jakar da ake ratayawa a ɗamara ko a jikin rigar sulke ƙarama ce, duk abin da ka tura a ciki sai ya ci gurbin wani. Shi ya sa tambayar da nake fara yi wa yaran da nake koyarwa ita ce: me zai kashe mutumin nan kafin a kai shi mota? Tsarin TCCC na sojojin Amurka, wato ƙa'idojin kula da mai rauni a fagen daga, wanda aka fara wallafawa a 1996, ya jera amsar bi da bi: zubar jini mai yawa, toshewar hanyar numfashi, raunin ƙirji, ƙarancin jini a jiki, sai sanyin jiki. Shi ne ake kira MARCH, daga haruffan farko na sunayensu da Turanci. Yadda aka jera su, haka kayan za su jeru a jakar.

Maɗaurin tsayar da jini ba ya shiga ciki. A waje yake zama, ta gaba, inda hannun dama da na hagu duk za su kai gare shi, domin wata rana hannun da ka saba aiki da shi ne zai samu rauni. Ni samfurin da ake kira CAT nake ɗauka, samfurin SOF-T ma ba laifi. Tun a bariki ka cire shi daga ledarsa, hannu mai jini ba ya yage leda. Ka zura bel ɗin a mazauninsa, ka bar da'ira mai faɗin da za ta wuce ta kan takalmi, sannan ka naɗe, ka kwantar da sandar murɗawa, ka bar ƙyallen rubuta lokaci a buɗe. Ka riƙe shi da roba mai sakin jiki da ja ɗaya. Na sha ganin wanda ya ɗaure nasa tamau da igiyar leda don kada ya faɗi. Ranar buƙata sai ya nemi almakashi, alhali jijiyar cinya idan ta yanke minti kaɗan take ba mutum. Ka rufe shi daga rana, don tana cin zarensa. Wanda ka yi atisaye da shi kada ya koma jakar aiki. Na jabu kuwa sun cika kasuwa, sandarsu ce ke karyewa a tsakiyar murɗa.

Idan ka buɗe jakar, abin da hannu zai fara taɓawa shi ne bandejin cusawa a rami, irin su Combat Gauze mai sinadarin da ke sa jini ya daskare. Shi ne na matsematsi, hammata da gindin wuya, inda maɗauri ba ya kamawa. Ana cusa shi har ƙasan raunin, a danne minti 3 aƙalla. Ka juya ledarsa yadda tsagar yagewa za ta kalli sama. A gefensa ka sa bandeji na gama-gari guda, da bandejin matsewa da ake kira na Isra'ila.

Bayansu sai kayan numfashi. Filastar toshe ƙirji mai bawul guda biyu, ɗaya ta inda harsashi ya shiga, ɗaya ta inda ya fita. Ka shimfiɗa su a bangon baya, kada ninki ya bi ta kan bawul. Bututun hanci mai lamba 28 ka ɗaure shi tare da ɗan ƙullin man shafawarsa. Allurar fitar da iska daga ƙirji, mai lamba 14 da tsawon santimita 8, tana zama a bututunta mai tauri, kuma sai wanda aka horar a kanta ne zai ɗauka.

Safar hannu ka naɗe su biyu-biyu. Ban son baƙaƙe, da dare jini ba ya nunawa a kansu idan kana lalube. Almakashi a waje, da igiya. Alƙalamin maka da katin majinyaci wuri guda. Bargon azurfa ɗan siriri a can ƙasa. Yara kan yi dariya idan sun gan shi a zafin Afrilu na Maiduguri, amma wanda ya zubar da jini jikinsa sanyi yake yi ko da rana tsaka, jinin da ya yi sanyi kuma ba ya daskarewa da kyau.

Panadol da filastar ƙaramin ciwo aljihun wando ne wurinsu. Allurar TXA ta rage zubar jini da ruwan ƙari suna babbar jaka. Kwalba ba ta jure zama a ƙugu.

Wanzami ba ya leƙa zabirarsa kafin ya zaro aska. Haka nake gwada kowa: ya rufe ido, ya sa safar hannu, ya kwanta rigingine, in ce masa "bandejin cusawa, da hagu." Idan ya yi lalube, ko kaya suka zube ƙasa, a sake jeri. Duk 'yan sashe ɗaya su jera iri ɗaya, su rataya a wuri ɗaya, domin da jakar wanda ya ji rauni ake fara yi masa aiki kafin ka taɓa taka.

Kowane wata ka zazzage ta. Ka duba ranar ƙarewar aiki, ka matsa ledojin da aka tsotse iskarsu. Wadda ta yi laushi ta huje, a canza. Lokacin hunturu ka goge zif da tsohon buroshin haƙori, ƙura na maƙale shi.