Yadda za ki yi in kin ga jini bayan kwanciyar aure

Mace ta tashi wankan janaba, sai ta ga ɗigon jini a zane, alhali ba lokacin al'adarta ba ne. Abin da yawancinmu a Yamai muke fara tambaya shi ne ko salla ta halatta. Malamai na da amsar wannan. Amma inda jinin ya fito, sai ungozoma ko likita ya duba.

Da farko, dubi yawansa. In yana jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko kina jin jiri, ko mara na murɗawa sosai, ko da zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye. Haka in kina da ciki, ko al'ada ta yi jinkiri kina zaton ciki ne: ko ɗigo ne, tafi. Asibitin haihuwa na Maternite Issaka Gazobi na karɓar irin wannan dare da rana. Amaryar da jininta ya ƙi tsayawa bayan daren farko, ita ma a kai ta, wani yagewar sai an ɗinke.

In ɗan kaɗan ne, riƙe ranar, da ranar da kika ga al'adar ƙarshe. Za a tambaye ki.

Sannan ki tambayi kanki abin da kika saka a gabanki. Nan nake son mu tsaya, ƴar'uwa. Kayan matsi da ake sayar mana a leda, da wanke ciki da sabulu, suna busar da fatar wurin har ta tsage da ɗan gogayya. Ki daina su. Bushewar kan zo kuma ga mai shayarwa da wadda al'ada ta ɗauke mata, saboda sinadarin da ke jiƙa wurin ya ragu. Man kwanciya na farmasi yana taimakawa, haka ma in maigida ya bi a hankali.

In ya sake dawowa, ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a duba bakin mahaifa. Sau da yawa abin mai sauƙi ne: ciwon sanyi, ko ɗan tsiro da ake cirewa, ko laushin fatar bakin mahaifa da ake gani ga masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. In ciwon sanyi ne, ku sha magani ku biyu, in ba haka ba zai dawo miki. Kada ki sayi kafso wajen mai tebur.

Abin da ke sa nake matsa miki shi ne kansar bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ke kawo ta, tana shekaru ba ciwo ba alama, kuma jini bayan kwanciya na cikin alamominta na farko. Awon gano ta bai da wuya: a sa ƙaramin ƙarfe a buɗe gaba, a shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, bayan minti guda wurin da ya fara lalacewa ya yi fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa daga 25.

Inna ko goggo da al'ada ta ɗauke mata shekaru, in ta ce miki jini ya dawo, ko sau ɗaya ne, ki ɗauki mayafi ki raka ta cikin satin nan. In kunya ce, ku nemi mace ta duba ta.